Manhaja ta goge tsagar Baba a hoto: akwai hanyar cire dishi-dishi ba tare da an sauya masa fuska ba?

Bagobirar Kawo ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar hoto da kwamfuta, don abin nan ya tsaya mini a rai.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ina ƙarama ƙwarai, ban riƙe kamanninsa ba. Mutumin Sabon Birnin Gobir ne, neman abinci ya kawo shi Kaduna, ya samu aiki a masaƙa a Kakuri. Hotonsa ɗaya tak muke da shi a gidan nan, wanda aka ɗauka ranar hawan dabar FESTAC a 1977. Shi da abokan aikinsa ne a tsaye sun jeru, a bayansu ana hango dawaki da ƙura. Katin ƙarami ne, launinsa ya koma ja-ja, faɗin fuskar Baba a ciki kuwa bai wuce santimita ɗaya ba, na auna da rula.

Dishi-dishin ba na tsufa ba ne kawai, da shi aka wanko hoton. In ka ƙura ido a gefen hularsa sai ka ga ya rabu biyu, haka kafaɗar na kusa da shi, haka ma wani turken ƙarfe da ke bayansu, duk sun ja zuwa gefe guda.

Ɗan yayata ne ya ɗauki katin da wayarsa ya turo mini ta WhatsApp, ni kuma na saka a wata manhajar gyaran hoto da ake ta tallarta. Kafin in ajiye wayar ta fito da fuska tas: ido, gira, har gashin gemu sai ka ƙirga. Da murnata na kai wa Inna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini wayar ta ce, "Wannan ba Malam ba ne." Tsagarsa ta Gobirawa, wadda ke tashi daga gefen baki ta bazu zuwa wajen kunne, babu ko layi ɗaya. Fatar ta yi haske, hancin ya sirance. Alhali a katin asali, in ka karkata shi a hasken rana, kana ganin inuwar tsagar a kuncinsa na hagu.

Tambayata ita ce, akwai manhaja ko wata dabara da za ta cire dishi-dishin kawai, ta bar mutum yadda Allah ya yi shi? So nake a wanke shi babba a sa a firam, Inna ta rataye a ɗakinta, jikoki su san kakansu. Na gode.

Injiniyan Malali ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Inna ta yi gaskiya, ba shi ba ne, kuma ba wai manhajar ta samu matsala ba ce a ranar. Aikin da aka gina ta a kansa ke nan. Ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don in kin gane inda gizo ke saƙar ba wanda zai sake sayar miki da fuskar wani.

Ayyuka biyu ne mabambanta ake tallarsu da suna ɗaya.

Na farko shi ne cire dishi-dishi na haƙiƙa. Lokacin da mai hoto ya danna, idon kyamara yana buɗewa na ɗan wani lokaci, haske ya shiga ya zauna a kan fim. Idan hannunsa ya motsa a wannan ɗan tsakanin, hasken da ya kamata ya zauna a ɗigo ɗaya sai ya ja ya zama ɗan gajeren layi, kuma kowane ɗigo na hoton hanya ɗaya zai bi. Kamar rubutun allo ne da hannun riga ya shafa kafin tawadar ta bushe: tawadar tana nan a kan allon, gurbinta kawai ta bari, wanda ya san inda hannun ya nufa zai iya karanta abin da aka rubuta. Allon da aka wanke kuwa sai dai a sake rubutawa da ka. To, idan an san hanyar da motsin ya bi, akwai lissafin da ke mayar da hasken kusa da gurbinsa. Wannan lissafi ya girmi ƙirƙirarriyar basirar da ake yayi yanzu. William Richardson ya wallafa nasa a 1972, Leon Lucy ya fito da irinsa a 1974, har yau da sunayensu biyu ake kiran dabarar. Da aka harba na'urar hangen sararin samaniya ta Hubble a 1990 aka tarar an yi kuskure wajen goge madubinta, hotunanta na zuwa da hazo, da irin wannan lissafi masana suka riƙa tace su har zuwa Disambar 1993 da 'yan sama jannati suka je suka gyara ta. Rauninsa shi ne, in an matsa masa yana ƙara ƙurajen hoto, yana kuma jawo wasu layuka masu kama da zobba a gefen abubuwa. Ga shi a hoton gida irin naki ba wanda ya rubuta yadda hannun ya motsa, sai an yi kirdado.

A nan koyon na'ura ya shigo. Maimakon mutum ya rubuta ƙa'ida, sai a tara hotuna bibbiyu, ɗaya mai dishi-dishi ɗaya tangaran, na abu guda. A ba kwamfuta mai dishin ta gwada gyarawa, a auna da tangaran ɗin, ta ɗan daidaita lambobin cikinta, a sake, haka dai har sau dubbai. Yadda ake samun irin waɗannan tagwayen hotuna ma abin sha'awa ne. A 2017 wasu masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Seoul a Koriya ta Kudu sun ɗauki bidiyo da kyamarar GoPro mai ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa ɗaya, suka riƙa narkar da hotunan da ke bin juna su zama ɗaya mai dishi-dishi, na tsakiyarsu kuma ya zama amsa. Tagwaye 3,214 suka haɗa, kuma a kansu aka gwada yawancin abin da ya biyo baya, manhajoji irin su DeblurGAN a 2018 da Restormer da NAFNet a 2022. Waɗannan ba ruwansu da wane ne a hoto. Gefe suke bi, na hula ne ko na turke ko na tsaga.

Na biyu shi ne sabunta fuska, kuma shi aka yi wa Baba. Misalansa da aka sani su ne GFPGAN na kamfanin Tencent a 2021 da CodeFormer na Jami'ar Nanyang ta Singafo a 2022, kuma manhajojin waya masu fito da fuska tas a kan irin wannan tsari suke tafiya. Suna zuwa ne da ajiyar fuskoki a cikinsu. Su biyun nan an horar da su da wani tarin fuskoki 70,000 da kamfanin Nvidia ya kwaso daga shafin hotuna na Flickr. Manhajar za ta nemo fuskar, ta yanko ta, ta duba inda ido da hanci da baki suke, sannan ta zana sabuwa wadda ta dace da wannan inuwa daga abin da ta saba gani. Mafi yawan waɗancan fuskoki na fararen fata ne, masu tsagar gado kuwa in ma akwai su ba su taka kara sun karya ba. Ƙari a kan haka, wajen horon da gangan ake ɓata hoto da hazo da ƙuraje a ce ta share, don haka duk wani siririn layi da ta gani a kunci datti ne a wurinta. Ba ke kaɗai ba ce. A 2020 an saka wa wata manhaja mai suna PULSE, ta Jami'ar Duke a Amurka, hoton Barack Obama da aka rage wa yawan ɗigo har ya dushe, ta fito da Bature. Mutumin da duniya ta san fuskarsa ke nan, ina ga Baba.

Abin da ya faranta mini rai a bayaninki shi ne gefen hula da kafaɗa da turke duk sun ja gefe guda. Wannan alamar motsin hannu ce, wato irin da ake iya ragewa da gaske. Da a ce saitin gilashin kyamarar ne bai zauna a kansu ba, da aikin ya fi wuya.

Ga shawarata. Ki manta da wanda aka turo ta WhatsApp, domin yana matse hoto ya zubar da ƙananan bayanai, kuma su ne muke nema. Ki kai katin inda ke da sikana mai gilashi, akwai su a shagunan kwamfuta na Ahmadu Bello Way da wajen Poly, a ɗauka a ɗigo 1200 a kowane inci. Fuska mai faɗin santimita ɗaya za ta ba da ɗigo wajen 470 a haka, a 600 kuwa wajen 236. Ba wai katin yana ɗauke da bayani mai yawan haka ba ne, amma gara ya yi saura da ya gaza. A ajiye shi a TIFF ko PNG, wato nau'in fayil da ba ya zubar da bayanan hoto, a zuba miki a filasha. Wannan fayil shi ne uwa, kada a taɓa shi, kwafinsa za a riƙa yi wa aiki. Sai a bi da shi ta manhajar cire dishin motsi, a kashe duk wani maɓalli mai maganar gyaran fuska. In ma wani ya nace sai ya gwada CodeFormer, tana da ma'auni daga 0 zuwa 1: kusa da 0 kyau take bi, kusa da 1 kama da asali take bi, to a kai shi can sama. Daga ƙarshe a ɗora sakamakon a kan na asali ana kunnawa ana kashewa. Duk abin da ya bayyana a sabon wanda babu ko inuwarsa a tsohon, ƙirƙira ce.

Kada in ɗora miki buri. Abin da za ki samu shi ne hula mai gefe ɗaya, ido da ya ɗan fito, da tsaga da ta fi yanzu bayyana. Ba zai yi tas irin na manhajar can ba. Amma Inna za ta gane shi.

Tsohon Mai Hoto na Tudun Wada ya amsa:

Salamu alaikum. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan niyya. Ni ban san lissafin da ɗana Injiniya ya kawo ba, amma na yi shekaru a ɗakin duhu ina wanke fim tun kafin a san kyamarar waya, bari in ƙara abin da na sani.

Kafin ki wahalar da wannan kati, ki nemi wani. Ma'aikacin masaƙa ba ya rasa hoton fasfo, domin sai da shi ake yin katin shaidar aiki, ga na ƙungiyar ƙwadago, in ya sauke farali kuma ga na takardun Hajji. Irin wannan a situdiyo ake ɗaukarsa, mutum na zaune, kyamara na kan ƙafafunta, fuska ta cika katin. Ko ya tsufa ya fi na filin daba sau goma. Ki sa Inna ta buɗe tsohuwar adaka, ki tambayi dangi a Sabon Birni, domin mutanen da in sun zo birni sukan aika hoto gida. Sannan waɗancan abokan nasa da ke tsaye, a zamaninmu in mutum huɗu suka tsaya kati huɗu muke wankewa, kowa ya biya nasa. Wataƙila na wani gidan ya fi naku lafiya, wataƙila ma an ɗauki biyu a ranar, na biyun hannu bai motsa ba. In aka yi sa'a aka samu fim ɗin kansa, to an gama, abin da ke cikin fim ya ninka na kati.

Ki shafa katin da bayan yatsa. Yawancin masu launi na shekarun 1970 takardarsu tana da ɗan ƙurji-ƙurji, ba sumul take ba. Sikana tana haska wannan ƙurjin ya fito fari-fari, ya rufe fuska. Abin da yaran shagona ke yi shi ne su ɗauka sau ɗaya, su juya katin kai ya koma ƙasa su sake ɗauka, sannan su haɗa biyun a kwamfuta, inuwar ƙurjin sai ta kashe juna.

Kada ki yarda a yi masa laminatin, zafi da gam suna cinye launi kuma ba a ɓarewa. Kada a goge shi da ruwa ko turare. In ya manne da gilashin firam saboda damina, a bar shi a haka a ɗauka ta bayan gilashin.

Maganar girma kuma, ban ba ki shawarar a yanko fuskarsa ita kaɗai a hura ba. A wanke hoton gaba ɗaya, da abokansa da dawakin, a inci 8 da 10. Daga inda mai kallo zai tsaya a ɗaki, ido da kansa yana haɗa abin da ya watse.

Gyaran fuska ba yau aka fara ba, mu ma mun yi. Da fensir mai tsini muke bin fim muna rufe ƙuraje, amare kuma kan ce a ƙara musu haske. Amma wanda aka ɗauka yana tsaye a gabanmu, mun ga fuskarsa da idonmu, kuma ban taɓa taɓa tsagar mutum ba, don ita ce ke faɗin gidan da ya fito.

Ɗan Kasuwar Gumi ya rubuta:

Ku gafarce ni zan ɗan ratsa. Injiniya, ni matsalata ta shago ce. An ɗauke mini babur a ƙofar shago da magariba, kyamarar tsaron maƙwabcina ta kama mutumin amma fuskar ba ta fito ba. Yarona ya ɗauki allon talabijin ɗin da waya ya saka a irin wannan manhaja, ta fito da fuska sosai, har wasu na cewa ta yi kama da wani yaro mai gyaran waya a layinmu. In watsa a guruf ɗin 'yan kasuwa ko in kai wa 'yan sanda?

Injiniyan Malali ya amsa:

Alhaji, don girman Allah kada ka watsa, kuma ka ce wa yaronka ya goge ta daga wayarsa yau ɗin nan. Allah ya mayar maka da alheri, amma wannan fuska ba ta ɓarawonka ba ce. Abin da ya faru da hoton mahaifin Hajiya shi ne ya faru a nan, har ma ya fi muni, domin da magariba haske ya yi ƙasa, kyamarar tsaro tana matse bidiyo sosai, sannan aka sake ɗauka daga allo. Abin da ya rage na fuskar bai fi 'yan ɗigo ba, sauran duk manhajar ce ta cike. Fuskar da take zanawa kuwa matsakaiciya ce, irin wadda za ta yi kama da mutum goma a kowane layi. Ka san yadda kasuwa take in aka yi ihun ɓarawo. Kafin a tsaya bincike an shafa wa yaron mutane kashin kaji, in ma bai rasa ransa ba.

Ko a kotu ba ta da ƙafa. A 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka tace da ƙirƙirarriyar basira a shari'ar kisan mutum uku, bisa dalilin cewa manhajar tana ƙara abin da babu a asalin ɗaukar, kuma ba a iya bin sawun yadda ta yi.

Abin da zai amfane ka shi ne ka roƙi maƙwabcinka ya fitar da ainihin fayil ɗin daga akwatin na'urar zuwa filasha, da wuri, domin waɗannan akwatuna suna taka tsohon bidiyo da sabo in sun cika. A haɗa da mintunan kafin abin da na bayansa. Sau da yawa tafiyar mutum, rigarsa, hanyar da ya bi, ko wata kyamara a gaba wadda ya wuce ƙarƙashin fitila, sun fi fuskar amfani. Wannan za ka kai ofishin 'yan sanda yadda yake, ba gyara.

Bagobirar Kawo ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Mai Hoto, maganarka ta yi amfani. Inna ta gane ɗaya daga cikin mutanen hoton, ta ce iyalinsa suna Makera har yanzu, yayana zai je ya gaishe su ya tambaya. Katin kuma na shafa, yana da ƙurjin da ka faɗa.

Ɗan yayata ya kawo wata shawara: tunda fuskar manhajar ta fito tas, a samu mai Photoshop ya zana mata tsagar kawai. Me kuka gani? Sannan in na je wajen mai sikana, me zan ce masa takamaimai?

Injiniyan Malali ya amsa:

Hajiya, ban goyi bayan wannan ba. In an zana tsagar, hancin fa? Idon fa? Za ki samu baƙo mai tsagar Gobirawa ne, kuma nan da shekara ashirin jikoki ba za su san ba shi ba ne. In ana son taimakon hannu, a yi shi a kan wanda aka rage wa dishi da gaskiya: mai gyaran ya ɗan ƙara duhun layukan da inuwarsu ke nan, Inna na zaune kusa da shi tana cewa nan ne, nan ba nan ba. In an samu hoton fasfo ko wani katin daga Makera ko Sabon Birni, shi zai zama ma'auni. A bayan wanda aka wanke kuma a rubuta da fensir cewa an gyara shi da kwamfuta, da shekarar, da inda na asali yake.

Wajen mai sikana, ki ce ya goge gilashin da busasshen ƙyalle, ya zaɓi launi ko da hoton ya koɗe, ya sa 1200, ya ja akwatin ɗaukar ya wuce gefen katin kaɗan. Ya ɗauka sau biyu yadda Baba Mai Hoto ya ce, na biyun a juye. Abu mafi muhimmanci, ya shiga saitin ya kashe gyaran launi na kai-tsaye, da ƙara kaifi, da share ƙura da ƙarce. Yawancinsu a kunne suke barin waɗannan, kuma mai share ƙarcen nan siraran layuka yake farauta, zai iya cinye tsagar tun kafin hoton ya iso kwamfuta. Ki tsaya a kansa har ya gama, ki sa ya buɗe fayil ɗin ya hura kuncin hagu ki gani da idonki, sannan ki karɓi katinki a hannu kafin ki biya.